Kilim na wari: kada ka yi saurin ƙara gaz

Assalamu alaikum ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce Corolla ɗinka in ka kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, da sahe sai wani wari ya taso kamar tsumman da anka jiƙa anka manta da shi cikin bokiti, kuma makaniki ya ce gaz ne ya ƙare a ƙara. Don Allah dakata tukuna. Na daɗe ina jan mota tsakanin Maraɗi da Damagaram, wanga wari na san shi sarai, kuma gaz ba ya kawo shi. Gaz ɗin motocinmu, R134a, kusan ba shi da wari ma, in ya ragu abin da za ka gani shi ne sanyi ya ragu, ba hanci ne zai gaya maka ba.

Warin jiƙaƙƙen tsumma daga ebaporatar yake hitowa, wato abin nan da ke cikin dashbod wanda iska ke bi ta kanshi ta yi sanyi. Shina yin raɓa kamar jikin kwalbar ruwan sanyi, ruwan ya kamata ya bi wani ɗan tiyo ya ɗiga ƙasan mota. To mu nan ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, damina ta zo da danshi, ƙurar ta zama laka, tiyon ya toshe, ruwa ya kwana ciki, sai hunhuna ta kama. Gwada wannan: ka kunna kilim minti 10 mota na tsaye, ka duƙa ka duba ƙasa ta gehen fasinja. In ruwa na ɗiga, tiyo lahiya lau. In ba ɗigo ko ɗaya kuma ka sa hannu ƙarƙashin kafet ka ji jiƙa, ka samu matsalarka. Ni tawa haka ta yi min wata damina, da anka zura waya cikin tiyon wani baƙin ruwa ya tsiyayo mai wari, har yaron garaji ya ja baya.

Sannan filtar iska. Buɗe ɗan akwatin nan na gaban fasinja inda kake aje takardun mota, ka matse gehensa ya sauko, tana bayanshi. Wallahi da yawa tun da motar ta shigo ƙasar nan ba a taɓa hidda ta ba. Masu ƙera mota na cewa a canza duk shekara ko wajen kilomita 15,000, amma ga ƙurar Maraɗi ni ban kai haka, ina dubawa da hunturu ya hita da kuma ƙarshen damina. Kuma kar ka bari a hesa turare cikin ramukan iska a ce an gyara, kwana biyu zai haɗe da warin ya hi na da muni. Abin da nake yi kullum, saura minti 3 ko 5 in isa gida sai in kashe maɓallin kilim in bar fanka kaɗai na hurawa, cikin ya bushe kahin mota ta kwana.

Amma ka saurari hancinka da kyau don ba kowane wari ne wannan ba. In warin mushe ne, ɓera ne ko ƙadangare ya shiga fanka ya mutu, ya hi faruwa ga motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi ko gujiya, sai an kwance fankar an wanke. In wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi kuma gilashin gaba na yin hazo mai maiƙo daga ciki, ruwan radiyata ne ke yoyo daga ɗan radiyatan ɗumi na cikin dashbod, duba ko ruwa na raguwa, ko da yake masu zuba ruwan fanfo zalla ba za su ji zaƙin ba, sai dai jiƙa da tsatsa.

Biyu ne ban wasa da su. Warin ƙonewar waya ko roba, kashe kilim da fanka nan take ka tsaya, ko wayar fanka ce ta yi zahi ko kwamfaresa, wato injin da ke matsa gaz ɗin kilim, ya kama bel na gogawa, kuma kar ka yarda a ɗaure fiyus da waya in ya ƙone. Na biyu warin esansi ko hayaƙin salansa. Hara duba but ko akwai jarka da ta zuba, in babu to yoyo ne ko salansa ta huje, hayaƙin nan na sa ciwon kai da barci gilashi a ruhe, bare da yara a baya. Sauke gilashi ka nuhi garaji.

Naka dai yadda ka kwatanta shi, tiyo da filta nake zargi. Gobe da sahe duƙa ka duba ɗigon ruwan nan, ka hidda filtar ka ɗauko muna hotonta mu gani kahin ka ba kowa ko dala.