Injin da aka kawo maka a buhu

Yaro, na ji saƙonka. Wai wani ya kawo maka babur ɗinsa mai inji 125cc, ya riga ya kwance kan injin a gida ya kasa mayarwa, notuna a gwangwanin madara, sauran kaya a buhu. Ya kuma sayo bulo, wato silindar da fistin ke hawa da sauka a ciki, da fistin na inji 150cc da kansa, yana so ka ɗora masa, sannan ka huda salansa ta riƙa ƙara. Kana tambaya ko ka karɓa, yaya ake yi, kuma nawa za ka ce masa. Da zamaninmu ne, da ƙafa za ka tako gareji ka durƙusa ka gaishe ni kafin ka yi tambaya. Amma ku yanzu komai sai a waya, to bari in ba ka amsa a wayar.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Irin wannan inji, wanda sanduna ke tura bawul ɗinsa, kwaikwayon Honda CG125 ne da Japanawa suka fito da shi a 1975, kuma da gangan suka yi shi haka don ƙasashe irin namu, inda mutum ba ya juye baƙin mai sai ya ji ƙara. Faɗin fistin na 125 milimita 56.5 ne, na 150 kuma 62. Hawa da saukar fistin duk ɗaya ne, shi ya sa ɗorin yake yiwuwa ba tare da an taɓa karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ba. Ba zan tsaya ina gaya maka yadda ake cire tanki da kafireta ba, ko yadda ake sa ring. In har yanzu ba ka san gefen da aka rubuta IN a kan fistin yana kallon kafireta ba, to ka dawo ka ci gaba da wanke kaya da fetur. Abu biyu kawai za ka auna kafin ka yi wa kowa alkawari. Fin ɗin fistin, domin wani kaurinsa milimita 13 ne wani 15, kuma masu sayen kaya da kansu ba su san haka ba, sai su ɗauko wanda kwalinsa ya fi ƙyalli. Sai kuma gindin bulon, don wani ba ya shiga bakin gidan injin 125 sai an kai wa masu borin sun faɗaɗa.

Abin da ya sa na zauna nake rubuta maka duk wannan ba fistin ba ne. Buhun nan ne. Ina jin ka ce buhu sai raina ya ɓaci, don ya tuno min da wani mutum.

A 2012 ne, lokacin acaɓa na tashe a Kano, aiki har sai mun kore shi. Wani ma'aikacin ofis ya zo min, mai fararen kaya, mai son sa Turanci a magana. Irin mutanen nan ne da ranar Asabar suke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su kwance babur don nishaɗi. Akwatin kayan aikinsa, wallahi, ya fi nawa kyau, sifanu a jere kowace da gidanta, ko tabon mai babu. Ya zo da bulo da fistin ɗinsa a kwali, kan injin a kwance, kamar dai naka. Ya ce shi sama kawai yake so a ɗora masa. Na dube shi na ce, Malam, ƙasan injin fa, ka taɓa buɗe shi? Ya ce tun da ya sayi babur ɗin ko noti ɗaya bai kwance ba a ƙasa. Na sake tambaya, don na ga kan wani noti na murfin kuloci ya ɗan cinye. Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah. Mutum da gemunsa, da tabon salla a goshi, ya rantse maka, me kuma za ka ce?

Na ɗora masa. Aiki kuwa na yi shi yadda ya kamata, har yau ba na jin kunyarsa. Sababbin kilif na sa wa fin, na raba bakin ring kowanne ya kalli gefensa, na saita bawul da ma'auni injin na sanyi, milimita 0.08, ba da kunne ba irin na yaran yanzu. Na canza masa jet, ɗan bututun da ke auna fetur a kafireta, na zuba sabon mai na 20W-50. Bugu ɗaya ya tashi. Na ce masa, Malam, sabon ring ne, ka lallaɓa shi cikin gari, kada ka ja totur ya ƙure, kada ka yi doguwar tafiya, in ka ɗan yi kwanaki ka dawo mu juye mai mu duba fulogi. Ya ce ai ya sani, ya karanta. Kuɗin aikin ma rabi ya ba ni, wai sauran sai ƙarshen wata.

Satin bai ƙare ba sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin gareji, babur a kwance a baya an ɗaure shi da igiya. Ashe Zariya ya nufa da shi, har da goyo, injin ya buga masa wajen Kwanar Dangora. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da yayansa mai kaki, da wasu mutum biyu da ban san aikinsu ba in ban da ɗaga murya. Wai na kashe masa sabon babur, na sace masa kaya na asali na sa jabu. Ni da mutanen Fagge suka san ni tun ina yaron gida, a gaban yarana ake ce min ɓarawo.

Na ce a bari in buɗe a gaban kowa. Fistin ya kama, gefensa duk ya goge, konrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ya yi shuɗi don zafi, boris ɗinsa ya watse. Na kwance babban notin da ke ƙasa na zaro ragar tace mai, sai ga jan gam, irin na liƙe murfin inji, ya cika ta, zare-zare kamar taliya. Na cire murfin kuloci, babu gasket ko ɓurɓushi, jan gam ne aka lafta aka ɗaure, aka goge na waje tas don kada a gani. Wanda ya matse ta ciki shi ne ya yi ta gutsurewa yana bin mai, ya toshe raga, ya toshe hanyar da ke kai mai karanshaf da wadda ke hawa sama wajen roka. Inji na ta gudu a titi ba mai, ga sabon ring, ga goyo, ga rana. Na ɗaga ragar sama na ce, jama'a ku duba, ni tunda nake ban taɓa sayen jan gam ba, ku bincika akwatina. Sai mutumin nan, ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce ai ni na sa, shi bai ma san mene ne gam ba. Ya sake rantsuwa.

Wa ya gan ni lokacin da na tambaye shi? Babu kowa, yara sun tafi sayen abinci. Aka kira shugaban makanikan layinmu, dattijo mai gudun fitina, ya ja ni gefe ya ce, ka ga mai kakin can, in aka tafi ofis abin da za ka kashe sai ya ninka wannan, kuma hannunka ne na ƙarshe a injin, ka yi haƙuri a yi sulhu. Na ce to zan sayi karanshaf da bulo da fistin in haɗa kyauta. Suka ce sam, sabon inji sukutum suke so, da kuɗin mota, da kuɗin wahala. Ragowar kuɗin aikina kuwa ko zancensa ba a yi ba.

Ka san da me na biya? Da Honda ɗina. CG125 ɗan Japan na asali, ja, wanda na tara kuɗinsa da kwabo da sisi tun ina gidan maigidana. Babur ɗin da in ka tashe shi sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki. Na sayar da shi a gaggauce, dillalai suka ga ido na ya rufe suka yi min tayin wulaƙanci. Na ce ba komai, aiki na tafiya, zan mayar. Sai ga watan Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Kano, masu kawo mana babura goma goma suka watse, wasu suka koma a-daidaita-sahu, wasu suka koma ƙauye. Har yau ban sake riƙe irinsa ba. In na ga wani tsoho a kan nasa sai in kau da kai.

Bayan an daɗe, wani yaro ya zo a ɗaure masa birki, muna hira ashe maigadin gidan mutumin ne a da. Ya ce ai shi ya riƙe wa mutumin tocila daren da mutumin ya canza faifan kuloci, gasket ya yage, dare ya yi, ya ce a miƙo masa gam. Kuma wai da zai zo wurina har cewa ya yi in an tambaya kada a faɗa, don kada bakanike ya ƙara masa kuɗi. Mutane suna ce min in yafe. Na bar shi da Allah, wannan dai na iya, amma yafiya ban kai nan ba tukuna.

Saboda haka ga amsarka. Ka karɓa in kana so, amma kada ka ɗora ko washa ɗaya sai ka buɗe murfin kuloci da na wuta, ka zaro raga, ka wanke matatar nan mai juyawa da ke kan karanshaf, ka busa hanyoyin mai, ka kama konrod ka ji ko yana wasa sama da ƙasa. Duk a gaban mai babur da wani babba a layi, ba yaro ɗan'uwanka ba. Wayar nan da kuke kallon rawa da ita, ga ranar amfaninta, ka ɗauki hoton komai. In ya ce shi sama kawai yake so, ba zai biya kuɗin buɗe ƙasa ba, ka ɗaure masa buhunsa ka ce Allah ya kiyaye hanya. Ka zazzage gwangwanin notunan ku ƙirga tare, don na rantse maka ba su cika ba, kuma in wani kilif ya ɓace, yana cikin gidan inji yana jiran ka. Kayan da ya sayo da hannunsa kuwa ka faɗa masa a gaban shaida ba ka ɗauki nauyinsu ba. Kwali ba ya nuna abin da ke ciki, kaya ɗaya sai ka same shi kala uku a kasuwa, da sunan kamfani ɗaya.

Kada ka ce na tsani masu taɓa babur a gida. Akwai dattawa masu Vespa da nake cire wa hula, mutum ya shekara talatin da abinsa, ya san lokacin juye mai, ya wanke soson iska, ya cire fulogi ya karanta launinsa, in abu ya wuce nan ya turo shi wurinmu. Wannan mai babur ne. Waɗanda suke ba ni haushi su ne samarin da za su kalli bidiyon minti biyar a YouTube, wani Bature a garejinsa mai tayil da fanka, su ɗauko filaya da guduma su afka wa inji a kan rairayi. Baturen nan ƙurar hunturun Kano ta taɓa shigar masa kafireta? Za su cire soson iska wai inji ya sha iska, su manna fitilu shuɗi da kore a wayar da suka murɗa da haƙori, batir ya mutu su ce kaya ne jabu. Burin kawai ranar ɗaurin aure a ɗaga tayar gaba 'yan mata su yi ihu. Ku ma masu koyon ba ku tsira ba, shekara ɗaya da rabi yaro ya fara zancen a yaye shi.

Zancen salansa, ni ba na hudawa, kuma yaron da ya fito daga hannuna bai kamata a ji shi yana yi ba. Ƙara ce kawai take ƙaruwa. In ka huda ba ka ƙara jet ba, mai ya yi wa iska kaɗan, fulogi ya fito fari fat, inji ya yi ta ɗaukar zafi har bawul ya ƙone. Launin da kake nema a fulogi ruwan ƙasa ne, baƙi mai toka kuma mai ne ya yi yawa. Shi kansa 150 ɗin yana son kafireta PZ27, ta 125 PZ26 ce, in zai zauna da tsohuwar to sai an taɓa jet. Ka kuma tuna masa fetur ba na da ba ne tun da aka cire tallafi a 2023. Da yawa daga masu neman gudun nan, wata bai cika ba suke dawowa a rage musu shan mai. In gudun titi yake so ba tare da ya ɓata komai ba, ƙara haƙori ɗaya a ƙaramin faifan sarƙa na gaba ya ishe shi, sai dai ya san zai rasa ƙarfi a hawa da goyo.

Kuɗi kuwa, ninki biyu na abin da kake karɓa in kai ka kwance da hannunka, don gyaran ɓarnar wani ya fi sabon aiki cin rai. Kuma ya biya duka kafin makulli ya bar aljihunka, ban da zancen ƙarshen wata. In ka buɗe ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka yi ta maza, ka ɗoro injin a a-daidaita-sahu ka kawo min bayan la'asar. Ka haɗo min da ma'aunin bawul ɗina da ka ara tun kafin azumi.