Ku Tambaya, Mu Amsa: Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban lise, daga takardar izini zuwa ginin aji

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka yawaita a Maraɗi tun da WhatsApp ya sake haɗa ƴan aji ɗaya da neman abinci ya watsa. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Mu ƴan promo ɗaya ne, wato ƴan aji ɗaya, da muka ci BAC, jarrabawar ƙarshen sakandare, a wata lise ta nan Maraɗi. Muna da zaure a WhatsApp, mun kai mutum 150, muna haɗa gudummawa in an yi wa wani haihuwa ko rasuwa. Yanzu muna so mu zama ƙungiya sosai. Dole ne sai mun nemi izinin hukuma?
*Wani mai karatu daga Bagalam*

Amsa: Malam, in dai kuɗin suna da na ta'aziyya ne kuke haɗawa a tsakaninku, ba mai tambayarku takarda. Amma ranar da kuka ce za ku buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, ko ku rubuta wa gwamna wasiƙa, ko ku shiga makaranta ku aza bulo, takarda za a fara tambaya. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar, mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991, ta ce sai an bayyana ƙungiya kuma an ba ta izini kafin ta fara aiki.

Farkon abu, ku kira taron kafa ƙungiya, taro na ido da ido, kowa ya sa hannu a takardar halarta. A nan za ku amince da kundin ƙa'idoji da dokokin cikin gida, ku zaɓi ƴan biro, wato shugabannin ƙungiya, a rubuta rahoton taron. Sai ku haɗa takardar bayyana ƙungiya, mai ɗauke da sunanta, manufarta, mazauninta, da suna da sana'a da wurin zaman kowane ɗan biro. Kwafi uku ake kaiwa ma'aikatar magajin gari ko ofishin prefe, wato shugaban gunduma, na inda mazaunin yake. Ɗaya zai tafi ma'aikatar cikin gida a Yamai, ɗaya wajen mai gabatar da ƙara na gwamnati, ɗaya ya zauna a ofishin. Za a ba ku shaidar karɓa ta wucin gadi. Izini na ainihi daga ministan cikin gida yake fitowa, kuma in ya zo hannunku kuna da kwana 30 ku sa a buga sanarwar kafa ƙungiyar a jaridar hukuma, da kuɗinku.

Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Dokar ta hana ƙungiyar ƙabila ko ta ɓangaranci, don haka sunanku ya tsaya a kan makaranta, kada a cusa masa "ƴan asalin gari kaza". Sunan kowane ɗan biro ya zo daidai da yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, harafi da harafi. Wanda katinsa ya ce Mahaman kada a rubuta masa Muhammadu. Masu aron kundin wata ƙungiya su kwafe kuwa, sau da yawa sukan bar sunan waccan a tsakiyar shafi, a mayar musu da takardunsu. Sannan duk sauyin biro sai an sanar da hukuma cikin kwana 30. Wanda ya yi sakaci da wannan zai tarar banki bai san sa hannun sabon ma'ajinsa ba.

Shawara ɗaya ta kanmu: kafin ku yi nisa, ku bincika ko makarantar tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta gaba ɗaya. Tsofaffin makarantu irin su lise Ɗan Baskore da lisen fasaha ta Ɗan Kasawa sun yaye promo masu yawa, kuma in kowace ta kafa tata da nata tambari, shugaban makaranta ba zai san da wa zai yi magana ba. Ya fi sauƙi ku zama reshe a cikin uwar ƙungiya, ku riƙe asusun zumuncinku daban.

Tambaya: An zaɓe ni ma'aji. Wasu suna turo kuɗi a lambar wayata, wasu ta kamfanin aika kuɗi na NITA, na Katsina da Kano suna aiko da naira, wasu kuma su damƙa mini a hannu a wajen biki. Na fara jin ƙananan maganganu. Yaya zan tsare mutuncina?
*Wata malama daga unguwar Zariya*

Amsa: Hajiya, maganganun ba za su tsaya ba muddin kuɗin ƙungiya da na cefane suna kwana a waya ɗaya, ko da kuwa dala ɗaya ba ta ɓata ba. Ki nemi biro ya zauna cikin makon nan.

A buɗe asusu da sunan ƙungiya, a rubuta sunan mutum uku a kansa, shugaba da ma'aji da magatakarda, kuma kuɗi ba su fita sai da sa hannun biyu daga cikinsu. In izininku bai fito ba tukuna, a sayi layin waya na ƙungiya wanda ba a yin komai da shi sai karɓar kuɗin wata. Kuɗin hannu kuma, a daina karɓarsu a wajen biki. A buga littafin rasit mai lamba a jere, mai kwafi: fari na mai biya, kwafin ya zauna a littafi. Wanda aka yi kuskure a kansa kada a yage shi, a ja masa layi a bar shi a wurinsa, domin lambar da ta ɓace a jeri ita ce farkon zargi.

Littafin kuɗi gida biyar ya ishe shi: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ranar ƙarshen wata ki ɗauki hoton shafin ki saka a zaure, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Babban taro kuma ya zaɓi masu binciken kuɗi biyu waɗanda ba ƴan biro ba, su duba littafi da rasit da takardar banki duk wata uku.

Naira ita ce ta fi jawo rigima. Wanda ya aiko yana lissafi da canjin ranar da ya tura, ke kuma sai bayan mako kika canza, an samu giɓi, kowa yana ganin shi ne da gaskiya. Ku rubuta a dokokin cikin gida cewa da sefa ake biya, mai naira ya canza da kansa. Haka kuɗin turawa da na cirewa, a kan mai aikowa suke. In ba haka ba, jika ɗayan (sefa 1,000) da aka turo ba za ta iso cikakkiya ba, ke ce za ki riƙa cikawa.

Abu biyu kuma ki tsaya a kansu ko za a ce kin cika tsauri. Kada a ba kowa rance daga asusu, ko shugaba ne. Bashin abokin aji ba ya tambayuwa. Kuma a raba asusun zumunci da asusun aiki tun daga littafi. Misali, in kuɗin wata jika ɗaya ne, a ce sefa 400 na zumunci, 600 na aikin makaranta, a kuma yanke abin da ake bayarwa na rasuwa da na haihuwa, iri ɗaya ga kowa. In ba a raba ba, ta'aziyya uku a wata ɗaya za su cinye kuɗin tebura. Wajen kasafi kuma kada ku yi lissafi da yawan mutanen zaure. Ku duba waɗanda suka biya wata shida a jere, su ne ƙungiyar. Mutum 60 masu biyan jika ɗaya, jika 720 ke nan a shekara, kuma a kan wannan za ku yi alkawari.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa da taron shekara? Bara mun sa shi a Agusta, ruwa ya watsa mu.
*Wani magatakarda daga Tibiri*

Amsa: Agusta tsakiyar damina ne, makaranta kuma tana hutu. Afrilu da Mayu zafi ba ya barin dattijo ya zauna ƙarƙashin rumfa, Yuni da Yuli kuma hankalin malamai yana kan jarrabawar BEPC da ta BAC. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku zaɓi Asabar, ku duba kalandar Musulunci don kada ku faɗa cikin azumi. In yawancinku a Yamai ko ƙetare suke, kwana biyu bayan Sallah ya fi tara mutane, sai dai ɗalibai ba za su gan ku ba.

Ku rubuta wa shugaban makaranta wata guda kafin ranar, ku tura wa mambobi sanarwa da ajanda aƙalla kwana 15. Rahoton kuɗi da zaɓe su zo da safe, kafin jawaban manyan baƙi da abinci, domin da an ci an sha rabin mutane sun kama hanya. Kuɗin abinci da na yadin anko masu zuwa ne za su biya, ba asusu ba.

Tambaya: Mun tara kusan abin da muke ganin zai gina aji ɗaya a tsohuwar makarantarmu. Wasu sun ce a gina, wasu sun ce a sayi tebura. Wanne ya fi, kuma ta ina ake farawa?
*Wani Alhaji daga Sabon Gari*

Amsa: Alhaji, kalmar "kusan" ce ta tsaya mana. Ginin da ya tsaya a tsawon taga ya ci kuɗi bai zaunar da ɗalibi ko ɗaya ba, damina biyu kuma za ta lalata shi. In kuɗin ba su kai har rufi da ƙofa da allo ba, ku yi abin da za su iya gamawa.

Kafin gardama, ku je ku ga makarantar ranar karatu, ku zauna da shugabanta da kwamitin kula da makaranta (COGES) da ƙungiyar iyayen yara, su faɗi abu uku da suka fi damunsu. Sau da yawa abin da za ku ji ya sha bamban da abin da kuka zo da shi: makewayin ƴan mata, famfo, ko katangar da dabbobi ke ketawa. In akwai ajin zana, shi ne kan gaba ba tare da muhawara ba. Ba wanda ya manta gobarar 8 ga Nuwamba 2021, da ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a nan Maraɗi ta hallaka yara sama da 20.

In gini ne, filin na gwamnati ne, saboda haka sai da amincewar ofishin ilimi na jiha a rubuce, kuma ku karɓi zanen aji irin wanda hukuma take aiki da shi. Aji na yau da kullum mita 9 ne a kan 7. Kewayensa mita 32, in tsayin bango mita uku da rabi ne, aka cire ƙofa da tagogi, za a samu wajen murabba'in mita 100. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 da rabi a kowane murabba'in mita, ke nan bulo 1,250, ban da na tushe da wanda zai fashe. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 ba. Mai buga 50 da buhu ɗaya yashi yake sayar muku, kuma gwajinsa ba wuya: a ɗaga ɗaya zuwa ƙugu a sake shi, in ya wargaje kun ga amsa. Yashin ya zama mai tsabta marar laka, a riƙa ba bulon ruwa safe da yamma har mako guda, kada a yi gini da shi ɗanye.

Rufi ne ke ba da kunya a wannan yanki. Iskar farkon damina takan yaye kwano gaba ɗaya idan an ɗora ƙarafan rufi a kan bango kawai. A zuba ɗaurin kankare a saman bango kewaye, a bar rodi a cikinsa wanda za a naɗe ƙarafan rufin da shi. Daɓen aji kuma ya ɗara ƙasar fili sosai. Ambaliyar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ta nuna abin da ruwa ke yi wa gini mai ƙasƙantaccen tushe. A fara aiki bayan ɗaukewar ruwa, a gama kafin Mayu.

Ɗan kwangila, ko da ɗan ƙungiya ne, a karɓi farashin mutum uku a kwatanta, a rubuta yarjejeniya. A biya shi kashi kashi: bayan tushe, bayan bango ya kai ɗauri, bayan rufi, bayan shafe da fenti. A riƙe kashi 10 cikin 100 har damina ɗaya ta wuce a kan ginin. Ranar miƙawa a yi takarda, shugaban makaranta da COGES su sa hannu.

In tebura ne, aji mai ɗalibi 50 yana son 25 masu zaman mutum biyu. Amma ku leƙa bayan azuzuwa tukuna. Kusan kowace makaranta tana da tarin ƙarafan tebura da katakonsu ya cire, mai walda da kafinta za su tayar da su da kuɗin da bai kai na sabo ba. Katakon ya kai kaurin santimita biyu da rabi, a ɗaure shi da noti maimakon ƙusa, a rubuta wa kowane tebur lamba da fenti, a shigar da shi littafin kayan makaranta.

Tambaya: Shugabanmu yayanmu ne a makaranta, ya shekara takwas a kan kujera, ba mai iya ce masa ya sauka. Me za mu yi?
*Wani mai karatu daga Tasawa*

Amsa: Ɗan'uwa, ku duba kundinku. In ya yanke wa'adi, magatakarda ya saka zaɓe a ajandar taron shekara kamar kowane batu, ba sai an ambaci sunan kowa ba. In bai yanke ba, ku kawo gyara: shekara uku, a sabunta sau ɗaya. Zaɓen ya zama na ƙuri'a a ɓoye, domin ba ƙanen da zai ɗaga hannu a gaban yayansa ya ƙi shi. Ku kuma buɗe majalisar dattawa mai ba da shawara, wadda duk tsohon shugaba yake shiga kai tsaye, a tura mutum biyu daga promo ɗinsa su same shi a gida da maganar kafin ranar taro. Da an yi zaɓe, a yi takardar miƙa littattafai da tambari da lambobin asusu, a kai sunayen sabon biro ofishin da ya karɓi takardunku na farko, sannan a kai wa banki.