Ku Tambayi Kawu Mai Hoto: Kyamara ta Hannu, Katin Jabu da Zafin Afrilu

Wasiƙu sun taru wannan makon, don kowa na gaggawar aurar da 'yarsa kafin damina ta sauka. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Kawu, ni tela ne a Yelwa, nan Garwa ta Kamaru. Na tara jaka 250 ta kuɗin sefa, ina son in shiga harkar hoton biki. An kawo mini kyamarori biyu, Canon 600D da Nikon D7100, duk na hannu. Wacce zan ɗauka?

Ɗana, ɗauki Nikon ɗin in lafiyarta ƙalau. Canon ɗin ma tana aiki, amma ramin katin ajiye hotuna ɗaya gare ta, D7100 kuwa biyu, kuma za ka ga amfanin haka a ƙasa. Kafin ka biya, sa a duba maka yawan hotunan da ta ɗauka tun fitowarta. Kamfanin ya gwada Nikon ɗin a kan hotuna 150,000, in ta kusa nan to tsohuwa ce ta sha kwalliya. Cire gilashin gaban kyamarar ka ɗaga shi saitin haske. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ta zama ruwan dare a kayan da suka daɗe cikin raɓar Duwala, kuma goge waje ba ya fitar da ita. Ka rage kuɗin batir na biyu da filashi. Keken ɗinkinka kuma kada ka kuskura ka sayar, shi zai ciyar da kai a watannin da biki ya yi ƙaranci.

Kawu, ni baƙa ce. Wane mai hoto ne zai mayar da ni fara a albam ɗin bikina? Ko nawa ne zan biya.

Angon naki da ya zo zance, fara ya gani? Riƙe kuɗinki. Nemi wanda ya iya haske, ki ce ya nuna miki hotunan amare masu irin fatarki da ya ɗauka da dare. In fuskokin sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari, wuya da hannu kuma baƙi, ki wuce.

Kawu, na ɗauki bikin ƙanwar abokina a Marwa, kwana uku. Na dawo gida, hotunan kamu sun buɗe, amma na ɗaurin aure da na kai amarya sunayensu kawai ake gani. Katin sabo ne, giga 128, jaka uku na saye shi a bakin tasha. Me zan ce musu?

Gaskiya za ka faɗa musu, kuma yau, kada ka bari su ji a bakin wani. Mayar da kuɗinsu, ka bi dangi ka tattara abin da suka ɗauka da waya, ka gyara, ka wanke musu albam daga aljihunka. Kada ka ƙara ɗaukar komai a kan katin, ka kai wa mai gyaran kwamfuta ya gwada, amma ba zan sa maka rai ba.

Bari in tsaya a nan, don wannan wasiƙa ce ta huɗu irinta da na samu. Katin nan bai lalace ba, haka aka ƙera shi. Ana ɗauko ɗan ƙaramin kati, giga 8 ko 16, a sauya masa lissafin da ke cikinsa ya riƙa gaya wa kyamara cewa shi 128 ne, a manna masa takardar SanDisk ko Kingston, a sa a kwali mai sheƙi. Ranar farko yana aiki lafiya, shi ya sa hotunan kamu suka tsira. Da ainihin cikinsa ya cika, kyamara na ci gaba da turawa, shi kuma yana karɓar suna yana zubar da hoto, wani ma ya hau kan na baya ya goge. Kai kana can kana gumi cikin taro, kana hawa benci, alhali rariya kake zuba wa ruwa.

Abin da ke ba ni haushi, mutum zai sayi kyamara ta ɗaruruwan jakunkuna, ya ɗinka riga da sunan shagonsa a baya, sannan ya tsaya cinikin kati da mai tura baro don ya rage jaka biyar. In shinkafa ta ƙone za a ɗora wata tukunya. In anko bai yi ba tela zai gyara. Amma uban amarya ba zai sake tara jama'a liman ya sake fatiha don katinka ya ci amanarka ba, kuma kakar da ta rungume amarya tana kuka wataƙila baɗi ba ta nan. Ni ma ya taɓa ci na, a wani shago da na yarda da shi, mai gilashi da fanka. Shekaru sun wuce, har yanzu in na haɗu da mahaifiyar amaryar a kasuwa sai in ji nauyin gaishe ta.

To ga ƙa'idata. Farashin da ya yi daɗi da yawa, gudu. Sabon kati, ko daga ina ya fito, a gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika katin har ƙarshe ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa. Tana ɗaukar lokaci, don haka a yi tun da kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya. Na fi son katuna huɗu masu giga 32 a kan guda ɗaya mai 128, kowane taro da nasa. Mai kyamara mai rami biyu ya saita ta ta riƙa ajiye kowane hoto a duka biyun. In an tashi daga biki, ko ƙarfe biyun dare ne, a kwafe a wuri biyu kafin a kwanta, kada a ce sai safe, don mun san halin wuta idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya. Ba a goge kati sai albam ya shiga hannun masu shi. Batir ma haka, jabun ya cika gari, kuma shi da ya sha zafi kumbura yake yi ya maƙale cikin kyamara.

Kawu, kyamarata na ɗaukewa da kanta idan ina bidiyo da rana a Njamena.

Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki zuwa digiri 40, Njamena kuwa a Afrilu ta wuce nan. Rufe ta da farin ƙyalle, kashe ta tsakanin ɗauka, kada ka bar ta cikin mota ko akwatin babur. Lokacin hunturu kuma kada ka canja gilashi a fili, ƙura za ta shiga, duk hoton ya fito da ɗigo-ɗigo a sama. 'Yan Ngaundere nasu ciwon daban ne, ruwa daga Afrilu har Oktoba, sai su ajiye kaya cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Kawu, mijina ya rasu, ni kaɗai nake aurar da 'yata. Jaka 40 na ware wa hoto, maƙwabta na cewa za a yi mana dariya. Ba na iya barci.

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya sanya albarka a auren. Kwantar da hankalinki, kuɗin nan za su yi abin da ake buƙata in ba a watsa su ba. Kada ki ɗauki mai hoto na kwana uku. Zaɓi taro biyu, ni da kamu da kai amarya zan zaɓa, ɗaurin aure kuwa samarin gida su ɗauka da waya tunda da rana ne. Ku yi magana a gaban shaida: hotuna nawa za a wanke, yaushe za a kawo, rabin kuɗi yanzu, rabi in kaya sun zo. Ki ce a wanke a ɗakin wankin hoto na sosai, don na injin tawada mai araha kan koɗe da wuri a zafinmu. Tunda taron mata ne, ki tambaya ko yana da yarinyar da ke aiki da shi, kuma ki gaya masa ƙarara kada ya sa hoton 'yarki a Facebook don talla sai da yardarku. Maƙwabtan kuma, in sun ƙosa, su kawo gudummawa.

Kawu, ina son a tashi ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama a bikin ɗana a Kuseri.

Alhaji, a bakin iyakar Chadi, a jihar Arewa Mai Nisa, za ka tashi jirgi ba izinin hukuma? Jami'an tsaro za su zo maka biki ba gayyata. Kuma me zai ɗauko maka daga sama in ba rumfa da kwanon rufi ba? Ƙara wa mai hoton kuɗi ya zo da fitila ta biyu.