Amsa: Mota tana juyawa amma ta ƙi tashi

Alhaji, tunda ka ce sitata tana juya injin da ƙarfi amma motar ta ƙi kamawa, kada ka kashe sidi ɗinka a kan sabon batir. Galibi matsalar tana wajen mai, ko wutar fulogi, ko taimin, wato daidaiton lokacin aikin sassan injin.

Fara da mai. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kunnu, kada ka tayar, ka kasa kunne wajen tanki. Ya kamata ka ji famfon mai ya yi gunji na daƙiƙa 2 ko 3. In shiru ne, duba fiyus da rile (ɗan makunnin da ke sakar wa famfon wuta) kafin ka zargi famfon, don su ne masu araha.

In mai yana zuwa, a cire fulogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a jingina shi da jikin injin, wani ya tayar. Babu tartsatsi? Sau da yawa sensar kuranshaf ce (mai auna juyawar injin), ko kwil (mai ba fulogi wuta). In kuma fitilar makulli tana ta ƙiftawa, motar ba ta gane makullinka ba.

Amma in injin yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba ji, dakata nan take, wataƙila bel ɗin taimin ya tsinke. Ja motar zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, a sa mata na'urar gano matsala kafin a sayi komai.