Amsa ga Kawu kan labaran sarakunan da muke bi

Kawu, ina gaida ku da kyau. Saƙonku ya iso, wanda kuke tambaya a ciki me muke samu a labaran sarakuna da dodannin da muke bi, kuna kuma kokawa da batsa da tsafin da ke cikinsu, har da karin maganar da kuka rufe shi da ita, wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na san inda zancen ya samo asali. Ɗanku da ya zo mana hutu ne ya koma ya ba ku labari cewa mu Hausawan Ingila, babba da yaro, mun kamu da dogayen labaran nan na ƙasashen da babu su a duniya, masu sarakuna da takubba da dodanni masu aman wuta, wasu a littafi, wasu a talabijin kashi-kashi. Bai yi mana ƙarya ba. Ya dai manta bai gaya muku cewa shi ma ba ya tashi sai an kashe talabijin ba.

Dodannin da suka tsaya muku a rai, su ne ƙaramin abu a ciki. Sai a yi nisa a labari ba a ga dodo ko matsafi ba. Abin da ake fama da shi kullum shi ne sarki ya mutu ba zato, ya bar 'ya'yan da ba uwarsu ɗaya ba, da ƙane mai ganin shi ya fi dacewa da gadon, da waziri mai fara'a da kowa, ga baitulmali bashi ya cinye shi. Kowa na rantsuwa da amana, kowa kuma ya dasa mai kai masa rahoto a gidan ɗan'uwansa. Daɗin yana inda mai kallo ya san abin da mutumin kirki bai sani ba. An ƙulla masa makirci a gabanka, ga shi yanzu yana ɗaura wa doki sirdi zai amsa gayyata, kana ta ce masa kada ya je, ba ya jin ka. Marubucin da ya san aikinsa kuma ba zai cece shi don yana da gaskiya ba. Da zarar an kashe wanda ka ɗauka shi ne jarumin labarin, hankalinka ba zai sake kwanciya a kan kowa ba, shi ya sa ake kasa ajiyewa.

Wadda ta fi kowa iya bin irin wannan labari a gidanmu ita ce yayarku Hajiya, wadda Turancinta bai wuce na gaisuwa da ganin likita ba. Duk yariman da ya fito, tambayarta ɗaya ce: "Wace ce uwarsa?" Ana gaya mata, ta gama lissafi. Maigidana, Bature haifaffen ƙasar nan, ya karanta littattafan tun yana saurayi, amma kafin ya buɗe jerin zuri'ar da ake sakawa a bayan littafi, Hajiya ta riga ta faɗa masa wanda zai ci amanar wa. Da wuya ta yi kuskure. In ya tambaye ta yadda ta gane, sai ta ce ai 'yan ubanci ne, mene ne abin ganewa a ciki.

Marubutan ma ba daga iska suka ɗauko ba, tarihin nan ƙasar cike yake da irin wannan. A 1120 jirgin ruwa ya nutse da magajin Sarki Henry na I. Sarkin ya sa manyan ƙasa suka rantse za su bi 'yarsa Matilda, amma yana mutuwa a 1135, Stephen ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ma ya yi rantsuwar, ya haye gadon. Ba a sasanta ba sai 1153. Sai rikicin gidan York da gidan Lancaster, daga 1455 zuwa 1485, dukansu jikokin Sarki Edward na III. A cikinsu akwai Richard Neville, hakimin Warwick, wanda ya taimaka aka ɗora Edward na IV a 1461. Yana ta ƙoƙarin nema wa sarkin mata daga Faransa, ashe sarki ya yi aurensa a ɓoye da wata bazawara, Elizabeth Woodville. Suka ɓata, har Warwick ya koma wajen abokan gaba ya maido da tsohon sarki, Henry na VI na gidan Lancaster, a 1470, shekarar da ta biyo baya kuma aka kashe shi a fagen daga. A 1483 'ya'yan Edward biyu, mai shekara 12 da mai shekara 9, aka shigar da su Hasumiyar Landan a hannun baffansu Richard na III, ba a sake ganinsu ba. Shi kansa baffan an kashe shi a yaƙin Bosworth a 1485, sai a 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester. Na Sikotland ya fi muni: a 1440 aka gayyaci shugaban gidan Douglas, yaro ɗan shekara 16, da ƙanensa cin abinci da sarki a fadar Edinburgh, aka tashe su daga kan abincin aka sare musu kai.

Za ku ce to me ya hana mu karanta tarihin kawai. Muna karantawa. Amma tarihi an san ƙarshensa, ba wanda zai hana idonsa barci don jiran ko Richard zai tsira a Bosworth. Akwai kuma wani dalili da wanda bai zauna a gida irin namu ba zai yi wuya ya gane. Tarihin gaskiya kakan wani ne a ciki. Ranar da hira ta kai ga mulkin mallaka, surukina, mahaifin maigidana, yakan yi shiru yana juya kofi a hannunsa, yara su dube ni, su dubi babansu, su rasa gefen da za su tsaya. A masarautar da aka ƙaga babu kakan kowa. Hajiya ta goyi bayan wannan gida, surukina ya goyi bayan wancan, a yi ta musu kan ko halal ne a karya alkawarin da aka yi wa azzalumi, ko ya dace a kashe yaro don kada ya girma ya nemi gado. A faɗi duk abin da ke zuciya game da mulki da zalunci, a tashi ba wanda ya ƙullaci wani. Ban san wani abin da ke zaunar da waɗannan tsofaffi biyu wuri guda haka ba.

Na kuma fahimci cewa ƙarƙashin tambayarku akwai tsohuwar maganar aurena, wadda aka daɗe ana taunawa a can. Ba zan sake kare kaina ba, mutumin yana salla, yana riƙe da yayarku kamar uwarsa, kun gani da idonku. Abin da zan ce shi ne, labaran nan ba sa rabuwa da mutane irinmu: amaryar da aka kai fadar baƙi don a ƙulla zumunci, da yaron da aka ba abokan gaba jingina ya tashi a hannunsu, ya dawo gida 'yan'uwansa suna ce masa ya zama bare. Su ma suna da asali. Margaret ta Anjou tana da shekara 15 aka kawo ta daga Faransa a 1445 aka aura wa Henry na VI. Da mijin ya kamu da taɓin hankali, ita ta riƙe gidan Lancaster, ta tara dakaru, ta rasa ɗanta tilo a yaƙi a 1471, duk da haka ba a daina kallonta a matsayin baƙuwa ba. Wanda ya ci gadon a ƙarshe kuwa, Henry Tudor, kakansa mutumin Wales ne, kakarsa 'yar sarkin Faransa, ya kuma yi shekara 14 yana gudun hijira a ƙetaren teku.

Babbar 'yata duk labarin da muka ɗauka, irin waɗannan take bi. Ban taɓa tambayarta dalili ba. A makaranta ana ce mata ita ainihin 'yar ina ce, in an kira waya daga wajenku kuma sai a sa ta maimaita kalma don a yi dariyar yadda take faɗa, a ce Baturiya ta yi Hausa. Takan yi dariyar tare da ku, amma ni ce nake ganin fuskarta bayan an ajiye waya.

Maganar batsa da kuka yi, akwai ta a wasu, musamman na talabijin, kuma ba ma zama da yara a kansu. Yawancinta ma ba ta ƙara wa labarin komai, an saka ne don jan 'yan kallo, littattafan sun fi sauƙin tacewa. Tsafi kuwa, a labaran da suka amsa sunansu duk wanda ya taɓa shi sai ya biya da wani abu mai tsada, ɗa ko hankali ko rai. Ba a kan haka yaro zai yi sha'awarsa ba.

In kun kira ranar Juma'a, ku ce jikarku ta ba ku labarin sarauniyar da take karantawa yanzu. Da Hausa za ta ba ku, in dai an bar ta ta kai ƙarshen magana kafin a fara gyara mata.