Na yaba girki, aka fashe da dariya

Tambaya: Malama, watana biyu ke nan a birnin Salbado na ƙasar Brazil ina karatu. Matar gidan da nake haya ta dafa mana kifi da manja da madarar kwakwa. Na so in yaba mata, sai na ce da harshen Fotugal "você é gostosa". 'Ya'yanta suka kwashe da dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai. Me na yi ba daidai ba? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Kai ƙanena, ka yi ɓaramɓarama! Gostoso ko gostosa na nufin mai daɗi, amma abinci ake faɗa wa. Da ka ɗora ta kan mace, ka koma ɗan iskan bakin titi. Ko a gida, wa zai dubi matar mutane ya ce mata "kina da daɗi"? Tukunya za ka yaba: "a comida está gostosa", wato abincin ya yi daɗi, ko ka ce "que delícia!" kawai. Kifin nan moqueca ne sunansa, ka riƙe.

Lura da está ɗin nan. Ita ake sa wa abin da yake haka a yanzu: "está salgado", gishiri ya yi yawa yau. Hali kuwa é ne. Mace mai fara'a "é simpática", mutumin kirki "é gente boa", namiji ko mace duk ɗaya. Marowaci suna ce masa pão-duro, wato busasshen burodi, sunan da har yau nake ganin ya fi namu dacewa.

Tunda a Bahiya kake, jihar da Salbado ke ciki, za ka ga mata cikin fararen kaya suna soya acarajé. Ƙosanmu ne, sai dai a manja ake soya shi, a tsaga a cusa jatan lande. Mai suyar za ta tambaye ka "quente ou frio?", wato mai zafi ko mai sanyi. Ranar farko na ce quente, a zatona mai zafi daga kasko take nufi. Ashe barkono ne. Sai da na share hawaye da gefen mayafi.

Kafin ka sa hannu a feijoada, waken nan baƙi, tambayi "tem carne de porco?", don yawanci da naman alade ake dafa shi.

Gobe da safe ka gaishe ta, ka ce "desculpe, falei errado", wato yi haƙuri, baki ne ya suɓuce. In ta sake yin moqueca, ka nemi ƙari.