Me Ya Sa Sautin Osiletana Ke Hawa Da Rana?

Tambaya: Malam, daga Garwa nake rubuto maka. Na haɗa osileta (da'irar lantarki mai fitar da sauti) ta sintesaiza, wato na'urar kiɗa ta lantarki, a gida, irin wadda volt ke juya sautinta. Da asuba nakan saita ta daidai, amma kafin azahar sautin ya haura sama ba tare da na taɓa komai ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Zafin garinku ne, kuma tiransistar da ke mayar da volt zuwa sauti ita ce ta fi jin sa. Ƙarin milivolt 18 kacal (milivolt dubu ne volt ɗaya) a ƙafarta yana ninka wutar da ke ratsa ta, sautin ya hau oktaf guda, wato saurin kaɗawarsa ya ninka. Ita kuwa duk digiri ɗaya na zafi yana gusar da ita kusan milivolt 2. Ka ga ke nan digiri 9 ya isa ya ɗaga maka oktaf sukutum, alhali a watan Afrilu Garwa kan wuce digiri 40 da rana. Kamar fatar ganga ce da aka bari a rana. Ɗora yatsa a kan tiransistar tana aiki, za ka ji sautin yana tafiya.

Maganin shi ne tiransista biyu masu hali ɗaya. Sayi tiransista BC547 kamar goma, ka auna su da mitar awon lantarki a saitinta na gwajin diyod, ka ware biyun da lambarsu ta zo ɗaya. Kada ka riƙe su da hannu wajen awo, ɗumin jikinka zai ɓata lissafin. Haɗa su fuska da fuska ta gefen da yake shafaffe, ka manne da gam, don zafi ya same su tare. Sauran gocewar kuma rezista mai 3300 ppm, wadda ƙimarta ke ƙaruwa da zafi, ke gyara ta, ita ma a jikinsu za ka manna ta.

Duba kuma kafasitar da ke riƙe lokacin kaɗawar osiletar, don ita ma zafi na iya gusar da ita. In 'yar faifan nan ce ta tsohuwar rediyo, cire ta ka sa ta fim ko C0G, nau'o'in da zafi bai cika gusar da su ba. A nan ban yarda da araha ba. In kuwa ka samu guntun AS3340, wato osileta da aka haɗa cikin guntu ɗaya, gyaran zafin yana cikinsa.

Wajen gwaji, kunna osiletar ka bar ta minti 15 tukuna, nesa da fanka da taga. Buɗe manhajar saita sauti a wayarka, ka tsayar da osiletar a 110 Hz, wato kaɗawa 110 a daƙiƙa. Ƙara volt ɗaya, ya kamata ka ga 220, ka ƙara wani volt kuma ka ga 440. In bai kai ba, murɗa 'yar rezistar saiti kaɗan, ka koma 110 ka sake hawa.